Idan Aka Ce Ku Sayar da Kwalbar Nan

Ƙannena maza da mata, masu yawo da takardun neman aiki tsakanin Sharada da Challawa da Bompai, akwai tambayar da ya kamata ku shirya mata tun kafin ranar ganawa ta zo. Bayan an duba shaidar karatunku, an tambayi inda kuka yi hidimar ƙasa, ɗaya daga cikin masu ganawar zai turo muku kwalbar lemo, ko ledar biskit, ko sandar sabulu, ya ce, "To bismillah, sayar min da wannan." A nan ne matasa da yawa masu ƙwazo suke zamewa. Sai mutum ya ɗauki kwalbar ya shiga yi mata kirari: ga daɗi, ga sanyi, ga inganci, babu irinta a faɗin ƙasar nan. Ya yi ta zuba har numfashi ya ƙare, a yi masa godiya, a ce za a neme shi, daga nan kuma shiru. Abin da nake so ku gane shi ne, mai wannan tambaya yana auna ko kun san mutumin da kamfani yake sayar wa kaya, da abin da ke hana mutumin nan barci. Amsar da ke cin wannan jarrabawa da tambaya take farawa, ta bi ta lissafi, ta tsaya a kan gaskiya. Zaƙin baki yana da amfaninsa, amma daga baya yake zuwa.

Ku fara tambayar kanku wa ke sayen kayan masana'anta. Motar da ta fito daga Challawa maƙare da lemo ba ta tsayawa a bakin titi don ta sayar wa mai jin ƙishirwa kwalba ɗaya. Rumbun babban dila take nufa. Daga can 'yan sari su ɗauka, da yawansu a Kasuwar Singa, daga hannunsu kuma kaya su watsu zuwa mai shago a Kurna, da mai tireda a Hotoro, da mai firji a tashar Unguwa Uku, da mai gidan abinci, da yaron da ke yawo da bokitin ƙanƙara a danja. Ma'aikacin talla na kamfani, kwanansa da tashinsa, yana tare ne da masu saye don su sayar. Alhajin Singa bai damu ƙwarai da ɗanɗanon lemon ba, wataƙila ma likita ya hana shi shan zaƙi. Damuwarsa ita ce nawa zai samu a kan katan, kwana nawa katan zai yi kafin ya fita, wa zai ɗauki asara idan kaya suka yi kwantai har wa'adinsu ya ƙare, ko za a karya farashi bayan ya cika rumbu, da kuma ko mota za ta zo ranar da aka yi alkawari. Mai ganawar da ya ce ku sayar masa, ko ya faɗa ko bai faɗa ba, rigar wannan Alhajin ya sa, domin da irinsa yake fama kullum.

Halin da masana'antun Kano suke ciki ya sa wannan fahimta ta ƙara daraja. Bompai ce tsohuwa, tun zamanin Turawa aka fara kafa masana'antu a can, Sharada da Challawa suka biyo baya lokacin da Kano take cika da masaƙu da majemu da kamfanonin man gyaɗa da roba da alewa. Daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986 zuwa yau, rashin wutar lantarki da kwararowar kayan waje masu araha sun rufe da yawa daga cikinsu, kuma duk wanda ya zaga Sharada ya ga ƙofofin da tsatsa ta ci. Waɗanda suka tsira suna aiki ne cikin ƙunci. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira ta faɗi bayan haka, an ƙara kuɗin wuta ga manyan masu amfani da ita a Afrilun 2024, ga harajin naira 10 a kan kowace litar lemo mai sukari da ya fara aiki a 2022. Gasa kuma ta yi zafi. A da ana maganar Coca-Cola ne, wanda kamfanin Nigerian Bottling Company, da aka kafa a 1951, yake yi a Challawa, da kuma Pepsi da 7Up na kamfanin Seven-Up da ya fara aiki a 1960. Yanzu ga Bigi na Rite Foods, ga Big Cola, ga Pop Cola na kamfanin Mamuda da ake yi a nan Kano, ga kuma zoɓo da kunun aya da lamurje na matan gida, waɗanda suke cin nasu rabon a firjin mai shago ba tare da allon talla ko ɗaya ba. Kamfanin da ribarsa ta zama siririya haka ba zai iya ɗaukar ma'aikacin da zai jibge wa mai shago kayan da ba za su fita ba, don kawai ya cika adadin wata, a wata na gaba kuma kaya su dawo ko bashi ya maƙale.

Saboda haka idan aka turo muku kwalbar, kada ku yi gaggawar ɗauka. Ku nemi izini cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, kafin in yi talla, a wane matsayi zan ɗauke ka? Dila ne kai, ko mai shago, ko mai sha?" Wannan tambaya kaɗai ta raba ku da yawancin waɗanda suka shiga ɗakin kafin ku. Idan ya ce shi mai shago ne, sai ku gaishe shi yadda ake gaida mai shago, ku tambayi kasuwa da iyali, sannan ku shiga: "Alhaji, wane lemo ne ya fi fita a nan? Katan nawa kake sayarwa a mako? Su wa suka fi saye, 'yan makaranta ne ko masu a daidaita sahu ko magidanta? Firjin naka da wutar gari yake aiki ko da sola, ko ƙanƙara kake saya? Wa ke kawo maka kaya, kuma yana zuwa a kan lokaci?" Tambaya uku ko huɗu sun isa, ba a ce ku mai da wurin ofishin 'yan sanda ba. Muhimmin abu shi ne ku saurari amsar da kunnen basira, domin a cikinta ne ƙofar cinikin take. Idan ya ce mai kawo masa kaya yana makara, to tallanku ya zama na zuwa a kan kari. Idan ya ce yara ne masu sayensa, maganarku ta koma kan ƙaramar roba mai sauƙin kuɗi. Idan ya ce wuta ce matsalarsa, sai ku yi maganar abin da kamfani ke iya taimakawa da shi wajen sanyaya kaya, in akwai, ko kuma ku ba shi shawarar ɗaukar kaɗan kaɗan.

Daga nan sai lissafi, kuma a nan nake so ku daɗe kuna tunani, don nan ne mai digiri yake iya jin kunya a gaban yaron shago. Ɗan kasuwa ba ribar katan ɗaya yake dubawa ba, yana duba sau nawa jarinsa zai juya. Mu ɗauki misali na ƙiyasi. A ce akwai lemon da mai shago ke samun naira 800 a kan katan, amma katan yana kwana shida kafin ya ƙare. A ce naku naira 500 ne a katan, amma yana fita cikin kwana biyu. A kwana shidan nan, na farko ya ba shi 800, naku ya ba shi 1,500, kuma kuɗinsa bai kwanta ba. Idan kuma naku ne mai jinkirin fita, saboda sabo ne ba a san shi ba, to ku juya lissafin ta inda gaskiyarku take: ribar ta fi kauri, kuma ba ku nemi ya ture wanda yake fita ba, gefe ɗaya kawai na firji kuke nema. Mai neman aikin da ya iya zana wannan da biro a bayan takarda, a gaban masu ganawa, ya nuna musu abin da takardar digiri ba ta nunawa. Kada kuma ku ƙirƙiri farashi. Idan ba a gaya muku ba, ku tambaya nawa kamfani ke bai wa dila, nawa dila ke bai wa ɗan sari. In aka ce ku ƙiyasta, ku faɗa a fili cewa ƙiyasi kuke yi.

Sanin gari ma hujja ne da za ku iya ɗorawa a kan teburin. Kowa ya san lemo da ruwa suna gudu a bazara, daga Maris zuwa Mayu, suna kuma ja da baya idan hunturu ya sauka, lokacin da mai shayi ke cin kasuwarsa, kamfani irin Dala Foods na Sharada mai ganyen shayi da garin kunun tsamiya shi kuma tasa kakar ta kama. Watan azumi yana sauya lokacin ciniki gaba ɗaya, domin komai yana taruwa ne gab da shan ruwa, kuma tun da watan yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, mai hankali yana duba a wane yanayi zai faɗo. Bikin aure da suna da walima suna cin katan katan. Ga kuma masu zuwa sari daga nesa: rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har zuwa buɗe ta a Maris na 2024, ya taɓa 'yan kasuwar Kano masu hulɗa da Maraɗi da Damagaram. Wanda ya saka irin wannan sani cikin tallansa, ko da jimla biyu ce, ya nuna cewa ƙafarsa ta taka kasuwa.

Mai ganawa na kirki ba zai saya da wuri ba. Zai ce ya yi tsada, zai ce ba a san shi ba, zai ce shekara goma yana hulɗa da wani kamfani, daga ƙarshe kuma zai jefo babbar: "Ba ni bashi, in na sayar in biya." Kada ƙin farko ya karya muku gwiwa, a kasuwar Kurmi ma ana cewa albarka sau da yawa kafin a sallama. Idan ya ce tsada, ku tambaya da wane kaya yake kwatantawa, ku koma kan lissafi. Idan ya ambaci wanda ya saba da shi, kada ku kushe, domin kushe kayan da mutum ya daɗe yana ci da iyalinsa da su tamkar kushe hankalinsa ne. Maganar bashi kuwa tarko ce da gangan. Matashin da ya ce "ba komai Alhaji, ɗauki ko nawa ne" ya faɗi, domin ya ba da dukiyar da ba tasa ba. Amsar da ta dace ita ce a ce bayar da bashi yana da ƙa'idar kamfani, ba a hannun ɗan talla yake ba, amma ga abin da zai yiwu yau: a fara da katan biyu kuɗi hannu, a dawo bayan kwana uku a ga yadda suka fita. Sannan ku rufe cinikin. Kunya tana da kyau a mazauninta, amma ɗan tallan da ya gama bayani ya tsaya yana murmushi bai yi komai ba. Ku ce, "Alhaji, in sauke biyun yanzu, ko in kawo da safe?" Ku yi shiru, ku bar shi ya amsa.

Na san wani zai ce ganawar minti goma ce, masu ganawa sun gaji, ƙarfin hali suke son gani, yawan tambaya kuma zai yi kama da kauce wa amsa. Akwai gaskiya a ciki. Wanda ya yi ta jero tambaya ba tare da ya kai ga talla ba, lalle ya kauce. Kuma wani mai ganawar zai ce, "Ba ni da lokaci, minti ɗaya na ba ka." To ko a nan ba kirari ne mafita ba. Sai ku zaɓi matsayin da kanku, ku ce za ku ɗauke shi a matsayin mai shago kusa da makarantar sakandare, ku faɗi buƙatarsa, ku faɗi ribarsa, ku nemi ciniki. Ƙarfin halin da ake nema shi ne na wanda zai iya tsayawa gaban dattijo mai kuɗi ya tambaye shi ba tare da rawar murya ba. Bidiyoyin da ke yawo a YouTube da TikTok suna koya wa matasa salon tsawa da burga, da yawansu kuma suna kwaikwayon fim ɗin nan na 2013, The Wolf of Wall Street, inda ake cewa a sayar da biro. Ku tuna cewa mutumin da aka yi fim ɗin a kansa, Jordan Belfort, gidan yari ya shiga a Amurka saboda damfarar masu zuba jari. Salon wanda zai yi ciniki da kai sau ɗaya ya ɓace bai dace da wanda zai koma shago ɗaya kowane mako ba.

Wani kuma zai ce duk wannan ɓata lokaci ne, aiki a ƙasar nan sai da sanayya. Ba zan musa cewa sanayya tana buɗe ƙofa ba. Amma aikin talla ya bambanta da aikin zaman ofis ta fuska ɗaya: ƙarshen kowane wata akwai adadi, ko an sayar ko ba a sayar ba, kuma adadin ba ya sanin ɗan wane. Manajan da ake tuhuma a kan cinikin yankinsa yana da dalilin kansa na ɗaukar wanda ya iya, ko da ya cusa ɗan'uwansa a wani gurbin. Wannan ne ya sa nake ganin talla na cikin ayyukan da ɗan talaka ya fi samun damar shiga da ƙoƙarinsa.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa gaskiya ba ta sayar da kaya, kowa ƙari yake yi, wanda ya tsaya a kan gaskiya zai kwana da hajarsa. Amsata ta farko ita ce addini ya riga ya yanke magana. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani da ake karantawa a zaurukan Kano ta hana algus da yaudara da ɓoye aibin haja a babin ciniki, kuma shigar mutum kamfani da ɗaura katin shaida a wuya bai ɗauke masa wannan hukunci ba. Ta biyu kuma ta kasuwa ce. Ramin ƙarya ƙurarre ne ga wanda zai dawo ranar Talata mai zuwa. Idan kuka ce wa mai shago kaya za su ƙare cikin kwana biyu suka yi wata, ba zai sake buɗe muku firjinsa ba, kuma zai gaya wa maƙwabtansa. Akwai kuma doka. Hukumar NAFDAC, da aka kafa a 1993, ita ke sa ido a kan abinci da abin sha da irin iƙirarin da ake yi a kansu. Mutane da yawa sun yarda cewa lemon malta da madara yana ƙara jini. In kuka ɗauko wannan a ganawa don ku burge, mai ganawar da ya san aikinsa zai ga wanda zai jawo wa kamfani fitina. Ku tsaya a kan abin da ke rubuce a jikin kwalba: lambar rajista, yawan abin da ke ciki, ranar da aka yi da ranar ƙarewar wa'adi.

Maganar malta ta kawo mu ga abin da bai kamata a rufe ba. Maltina da Amstel Malta da Fayrouz na kamfanin Nigerian Breweries ne, wanda aka kafa a 1946, yake kuma da masana'anta a Kaduna. Malta Guinness na kamfanin Guinness ne. Waɗannan abubuwan sha babu maye a cikinsu, ana shan su a gidajen biki a ko'ina cikin Kano, amma kamfanonin da ke yin su giya ce babbar sana'arsu, kuma su da dilolinsu suna ɗaukar 'yan talla a Arewa. Jihar Kano ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, an kafa Hukumar Hisba a 2003, dokar jiha ta hana sayar da giya, kuma an sha ganin Hisba tana farfasa kwalaben da ta kama a bainar jama'a. Wanda aka kira ganawa a irin wannan kamfani ya je da idonsa a buɗe. Ya tambaya, tun kafin ya karɓi takardar ɗauka, waɗanne kaya ne ke cikin adadin da za a ɗora masa, wane yanki za a ba shi, kuma ko ana iya mai da shi wata jiha inda giya za ta shiga lissafinsa. Idan aka turo masa kwalbar giya aka ce ya sayar, kuma addininsa ya hana, ya faɗa cikin natsuwa ba tare da wa'azi ba: "Ranka ya daɗe, wannan ba zan iya tallanta ba, amma a ba ni malta in nuna abin da na iya." Mai yiwuwa ya rasa aikin, kuma gara ya rasa shi a wannan ranar, da a ce ya karɓa ya zo yana ɓoye wa iyayensa abin da ke cikin motar. A ganina Musulmi ya bar duk aikin da zai sa shi tallan giya, ko nawa ne albashin. Hukuncin yin aiki a ɓangaren malta kaɗai kuwa, malamai za a tambaya, kuma kafin ganawa ake tambayar, ba bayan albashin farko ya shigo ba. Ɗan'uwanmu da addininsa bai hana shi ba, shi ma wajibi ne ya san dokar jihar da za a tura shi, ya kuma san ba a tallan giya ga wanda bai kai shekara 18 ba.

Shirin duk wannan ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Mako guda kafin ganawa, ku shiga Singa da safe, ku tsaya ku ga wane kaya ake lodawa a kura da a daidaita sahu, ku tambayi farashin katan na kayan kamfanin da na abokan gasarsa. Ku zaga shaguna biyar ko shida a unguwarku, ku sayi kwalba ɗaya, ku tambayi mai shagon abin da yake so da abin da ke ɓata masa rai game da masu kawo masa kaya. Ku gwada tallan da baki a gaban wani yayanku ɗan kasuwa, da Hausa da Turanci, domin ana iya fara ganawa da Turanci a ce ku juya Hausa, tun da da ita za ku yi aikin. Idan kuma aka ce ko kuna da tambaya, ku yi amfani da damar: nawa ne tsayayyen albashi, nawa ne kamasho, wa ke biyan kuɗin mai da gyaran abin hawa, su wa ake so su tsaya muku, kuma idan mai shago ya gudu da kuɗin kaya ko kwalabe suka fashe a hanya, daga aljihun wa za a cire. Ku nemi a rubuta amsar wannan ta ƙarshe a cikin takardar ɗaukar aiki kafin ku sa hannu.